Gafakar Fasto Mailafiya

Idan ka shiga unguwar Dala ka tambayi tsofaffi wane ne Fasto Mailafiya, yawancinsu za su ce ba su san wani fasto ba. Amma ka ce ɗan Maharazu baduku, ƙanen Ilu, wanda yake zuwa ran Litinin da hannunsa na dama a cikin riga, nan da nan za su gane. Wasu ma har su ƙara da cewa mutumin nan ya cika godiya, ko gaisuwa ka yi masa sai ya gode maka sau biyu.

Sunansa na yanka Shehu. Gwaggo 'Yardada, ƙanwar babansa, ita ta laƙaba masa Mailafiya, don tun yana goye ko zazzaɓi bai sani ba, yaro ɓul-ɓul da shi. To, cikin 'ya'yan gidan duka, shi ɗin ne ciwo ya zaɓa.

Gidan Maharazu gidan dukanci ne kaka da kakanni, kuma abin da aka fi saninsu da shi gafaka, jakar fatar nan da malamai ke sa littafi su rataya. Suna da wata al'ada a gidan. Duk ɗan da ya sauke karatu, maigida da hannunsa yake ɗinka masa gafaka, a cikin murfin kuma ya sa alamar gida, ɗinki uku na koriyar fata a jere. Ba a sa wa ta sayarwa wannan alama, ko da ta hakimi ce. Ilu ya sami tasa. Shehu kuwa saura masa izu huɗu ya sauke, yana da shekara goma sha tara, sai Gwaggo ta ga wani tabo a bayansa yana wanka. Ta tsikara da tsinke, bai ji ba.

Kuturta ce. Aka yi na gida har aka gaji, daga baya aka kai shi asibitin kutare na 'yan mishan, can bayan gari. Shekara goma sha biyu ya yi a can. A shekara ta biyar babansa ya rasu, sai labari ya ji. Ciwon ya ci masa manuni da ɗan yatsan tsakiya na hannun dama, babban yatsan kuma ya ƙage, ko allura ba ya iya riƙewa balle basilla. A can ya koyi boko, a can ya karɓi addinin Kirista, a can kuma ya auri Lami, wata 'yar ƙasar Rano da ita ma ciwon ya kawo, mace mai baki amma mai tausayi. Da sabuwar ƙwayar magani ta zo suka warke, aka ba su takardar sallama. Ya yi 'yan shekaru yana karatun addini, aka ba shi wata 'yar majami'a ta masu jin Hausa a gefen Sabon Gari.

Majami'ar ba wata abar a zo a gani ba ce. Ginin ƙasa ne, rufin kwano, ƙararrawarsu kuwa guntun ƙarfen dogo da aka rataye a jikin darbejiya. Mutanensa ba su fi arba'in ba: leburorin jirgin ƙasa, masu dakon gyaɗa, kukun Turawa biyu, da tsofaffin majiyyata irinsa. Suna ba shi aiki daidai gwargwado. Yau matan zumunta sun saɓa a kan wadda za ta fara waƙa, gobe kukun nan biyu ba sa ga maciji saboda benci na gaba. Shi dai sai ya yi ta bin gidajensu da ƙafa yana sasantawa, ya dawo ya ce wa Lami, "Mun gode Allah, wanda yake faɗa a kan benci ai yana zuwa sujada ke nan." Lami ta ce wata rana idan aka mare shi ma zai gode wa Allah da ya bar masa kumatu.

Wa'azinsa duk na dukanci ne, har jama'a suka saba. Idan zai yi magana a kan haƙuri sai ya kawo yadda ake jiƙa fata a ruwan bagaruwa kwana da kwanaki. Idan a kan zaman aure ne sai ya ce ɗinki ba ya riƙo sai an huda ɓangare biyun daidai. Hannunsa ya bar sana'ar, amma bakinsa bai bar ta ba, kuma kowa ya san kewar gida ce.

Litinin ce ranar hutunsa, ita ce kuma ranar birni. Da hantsi yakan sa farar riga, ya naɗe littafin da yake wa'azi da shi a ƙyalle don ba ya iya rabuwa da shi, ya bi ta Fagge ya shiga ta Ƙofar Mazugal. Yakan ce tafiyar nan ita ce addu'arsa mafi tsawo a mako. A hanya yake tuna wanda ya warke cikin jama'arsa, da wanda ya sami aiki, da 'ya'yansa biyu da suka fito da fata lafiya lau. Amma da ya hango dutsen Dala sai ya mayar da hannun dama cikin riga.

Ranar da ya fara dawowa gida bayan an sallame shi, ya iske Ilu a zaure yana yanka fata. Ilu mutum ne marar magana, dogo, mai sallah a kan lokaci, kuma labarin canjin addini ya riga ya iso masa. Ya ɗago kai ya dube shi.

"Ka zo?"

"Na zo, Yaya."

Ilu ya tura masa buzu da ƙafa, ya ci gaba da aikinsa. Bai kore shi ba, bai kuma ce masa sannu da zuwa gida ba. Shekara bakwai ke nan haka suke. Su gaisa, su tambayi iyali, sai shiru. Gwaggo, wadda yanzu ta tsufa tukuf, ta fito da fura tana tsokanarsa wai har yanzu yana yi wa mutane waƙa da rana tsaka? Idan aka kira azahar Ilu ya tafi masallaci, shi kuma ya tsare zaure. Da la'asar ya yi sallama ya tafi.

Yana godiya da wannan buzu, godiya ta gaske, don ya san waɗanda danginsu suka rufe musu ƙofa gaba ɗaya. Amma akwai abin da yake ci masa rai, wanda ko Lami bai cika gaya wa ba. Bai san matsayinsa a zauren nan ba. Ɗan gida ne shi har yanzu, ko kuwa baƙo ne da ake haƙuri da shi saboda idon tsohuwa? Tsoronsa shi ne ranar da Gwaggo ta kwanta dama, a naɗe buzun. Saboda haka yake tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, bai taɓa kwance ƙyallen nan a zaure ba, bai kuma taɓa roƙon Ilu ko tsinke ba.

A damunar 1957 aka yi wani ruwa da iska ran Asabar da yamma, kwano ɗaya ya ɗage daidai kan teburin majami'a. Da safe ya iske littafinsa, da ya bari a kan teburin don sujadar Lahadi, ya sha ruwa, bangon ya ɓanɓare, takardun gaba sun rabu. Lami ta shanya su ɗaya bayan ɗaya a kan faifai, ta haɗa da zare, karatu dai bai ɓace ba. Amma littafi ya zama tsirara, ko'ina ka taɓa sai ya nemi zubewa.

"Gafaka yake so," in ji Lami. "Kai da wanka baduku ne, mene ne abin tunani?"

"Lami, gafakar Yaya ta malamai ce. In kai masa wannan, in ya ce a'a fa?"

"In ya ce a'a ka ji da kunnenka. Shekara bakwai kana amsa wa mutum tambayar da ba ka yi masa ba."

Bai ji maganarta ba. Ya ga dabara ita ce ya raba wansa da nauyi, ya raba kansa da jin kunya. Ran Litinin, maimakon ya miƙe Dala, sai ya karkata Kasuwar Kurmi, ya shiga layin dukawa, ya zaɓi wata rumfa can ƙarshe inda yake ganin ba a san shi ba. Wannan kuwa wauta ce, don mutumin da ya kwashe fuskar Maharazu kaf ba shi da inda zai ɓuya a layin dukawa.

Mai rumfar wani dattijo ne, Malam Gambo. Ya amsa sallama, ya dubi littafin, ya ware yatsu a kansa ya auna tsawo da faɗi kamar yadda hannun mai sana'a ke yi tun kafin a yi ciniki. Sa'an nan ya ɗago ya ƙura wa baƙon ido.

"Kai ba ɗan marigayi Maharazu ba ne, na Dala?"

Mailafiya ya ce shi ne.

Malam Gambo ya janye hannunsa, ya mayar da ƙyallen ya rufe. "Ka yi haƙuri, ɗana. Wannan aiki ba zai yiwu a rumfata ba, kuma kada ka wahalar da kanka, duk layin nan ba wanda zai karɓa."

Bai tambayi dalili ba, don a ganinsa ya san dalili, har guda biyu: abin da ke cikin ƙyallen, da abin da ke cikin hannun rigarsa. Ya yi godiya, don ya saba, ya fita. Ran nan bai je Dala ba. Abin da ya fi damunsa ba ƙin da aka yi ba ne. Ya san kasuwa, ya san kafin magariba labari zai kai zauren Ilu, cewa ƙanensa yana yawo da littafin Nasara a layin dukawa yana ambaton sunan babansu. Abin da ya yi shekara bakwai yana kaffa-kaffa da shi, ya zubar da hannunsa a hantsi ɗaya.

Litinin ta zagayo bai je ba. Wata ta sake zagayowa bai je ba. Ya yi wa'azi ran Lahadi da littafi ɗaure da zare, kuma jama'a suka lura babu fata ko ɗaya a cikin wa'azin. Da daddare ba ya cin tuwo sosai. Duk da haka idan ya durƙusa yakan gode wa Allah da shekara bakwai ɗin da ya samu, yana cewa ai wasu ko kwana bakwai ba su samu ba. Lami ta ce wannan godiyar ta yau ba ta yi mata daɗi ba, godiyar mai tsoro ce.

Ran Asabar ta uku sai ga Indo, wata dillaliya maƙwabciyar su Ilu da ke kawo zannuwa Sabon Gari. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce Gwaggo ta ce a gaya masa Malam Ilu na nemansa jibi, kuma kada ya zo hannu rabbana, ya zo da abin nan da ya kai kasuwa. Lami ta wanke masa riga ta ce ya je, ko mene ne ai ya fi wannan zaman.

Ran Litinin ya shiga ta Ƙofar Mazugal. Ya iske buzu a shimfiɗe inda ya saba, Gwaggo kuma ta fito ta zauna a bakin ƙofar cikin gida, abin da ba ta saba yi ba. Suka gaisa. Ilu ya ajiye wuƙa, wannan ma sabon abu ne, don bai taɓa tsayar da aiki saboda shi ba.

"Shehu," in ji Ilu, "na mutu ne?"

"Allah ya ja kwana, Yaya."

"To gidan nan ya rushe ne? Ko an ce maka na makance?"

Ilu bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Malam Gambo ya rufe rumfarsa ya tako har nan, dattijo da shi. Ya zauna inda kake zaune ya tambaye ni ko lafiya, ko wani abu ya sami gidan Maharazu da har ɗansa yake kai aiki kasuwa. Ka manta ne? Baduku ba ya karɓar aikin ɗan gidan dukawa muddin akwai mai riƙe da basilla a gidansu. In ya karɓa ya ce wa duniya gidan ya mutu ke nan. Mutumin nan mutuncinmu ya rufa, kai kuwa ka tone."

Sai a lokacin abin ya dawo masa. Ya san wannan ƙa'ida tun yana yaro, ya sha ganin babansa yana mayar da irin wannan aiki. Shekarun da ya yi yana ganin duk ƙofar da aka rufe saboda ciwonsa ne ko addininsa, su suka mantar da shi. Ashe Malam Gambo bai ƙi shi don bare ba ne, ya ƙi shi ne don ɗan gida ne.

"Yaya, na ji nauyinka ne," ya ce. "Na ga kada in kawo maka abin da zai sa ka a tsaka mai wuya."

"Ka ji nauyina, sai ka kai ni kasuwa." Ilu ya numfasa. "Bari in gaya maka sau ɗaya, don ba na son maimaitawa. Abin da ke cikin littafin nan ban yarda da shi ba, kai ma ka sani. Ba sallar da zan yi ban roƙa maka shiriya ba, kuma ba zan daina ba. Wannan tsakaninka da Allah ne. Amma fatar da za ta rufe abin da ɗan Maharazu yake ratayawa, a zauren nan za a ɗinka ta."

Gwaggo ta ce, "Kai dai ba shi abinsa, Ilu, wa'azi ai sana'arsa ce ba taka ba."

Ilu ya miƙa hannu bayan tulin fatu ya jawo wani abu a naɗe. Gafaka ce ta jar fatar akuya, wadda ta sha rinin karan dafi har tana ɗaukar ido, an zagaye bakinta da baƙin rini na kuloko, ɗinkin nan ƙanana a jere kamar haƙoran masara. Ya ce awon da Malam Gambo ya kawo ne, taƙi ɗaya da yatsa uku, in bai yi daidai ba laifin Gambo ne. Ya ajiye ta a kan buzu.

Mailafiya ya kwance ƙyallen, karo na farko a zauren nan. Ya kai hannun hagu zai buɗe gafakar.

"Da hannun dama," in ji Ilu.

Ya tsaya. Gafaka da ɗan siririn maɗauri ake rufe ta, wanda sai da babban yatsa da manuni ake warware shi, shi kuwa ba shi da su. Kunya ta kama shi. A hankali ya zaro hannun daga cikin riga, Gwaggo ta kau da kai. Da ya duba sai ya ga babu siririn maɗauri. Ilu ya yi wani faffaɗan kunne na fata mai kauri, daidai yadda yatsu biyun da suka rage za su shiga. Ya zura su, ya ja, murfi ya buɗe ba wahala.

"Shekara bakwai kana ɓoye mini shi," in ji Ilu, yana duban wuƙarsa. "Duk lokacin da za ka ɗauki ƙwaryar fura ina ganinsa. Na san shi kamar nawa."

Littafin ya shige cif, kamar tare aka yi su. Mailafiya ya kai hannu zai rufe, sai idonsa ya faɗa cikin murfin. Ga su nan a jere, ɗinki uku na koriyar fata.

Mutumin da bakinsa bai taɓa rasa godiya ba, ran nan ya buɗe baki babu abin da ya fito. Hawaye kawai yake yi, ba ya ko sharewa. Farin ciki ne, da kewar babansa, da kunyar shekarun da ya yi yana zargin wansa da abin da bai yi ba.

"Yaya," ya ce da ƙyar, "ai ban sauke ba. Saura izu huɗu."

"Na sani, ni nake raka ka makaranta. Ba kai ka gudu ba, ciwo ne ya ɗauke ka. Baba ne ya kamata ya sa maka, bai samu ba, ni ne a madadinsa." Ya ɗauki wuƙa ya jawo fata. "Kuma Litinin uku da ka ƙi zuwa, Gwaggo ta dama fura ta zubar. Kada ka ƙara."

Aka kira azahar. Ilu ya tashi ya sa takalmi, ya ce masa ya kula da zaure, kuma in Malam Jibrin na Gwale ya zo karɓar aikinsa, ga shi can a rataye, ya miƙa masa ya ce masa ɗan gida ne ya ba shi.

Gwaggo ta rasu bayan shekara biyu, buzun kuwa ba a naɗe shi ba. Da la'asar ɗin ranar da ya karɓi gafakar dai, mutanen Dala sun ga ɗan Maharazu ya fito daga zaure da jar gafaka a kafaɗa. Ya bi lungu yana gaisawa da kowa har Ƙofar Mazugal, hannunsa na dama a waje yana riƙe da igiyarta.